Damin Maƙwabci

Duk Sisawa babu rumbun da ya kai na Mode kyau a shekarar nan, kuma babu ko zangarniya ɗaya a cikinsa. Ya yaɓe shi da sabuwar laka, ya ɗora masa sabon jinka, ya share gindinsa tas. Mai wucewa sai ya ce wannan gida ya ƙoshi.

Zamanin Turawa ne, shekarar da ta bi bayan fara. Fara ta sauka ana saura kwanaki kaɗan a yi girbi, ta tashi ta bar gonaki kara tsaye. Ɗan abin da Mode ya tsince bai kai tsakar rani ba. Daga baya matarsa Kyauta ta sa hannu ga damin iri, wanda ba a taɓawa, shi kuma ya kau da kai kamar bai gani ba. Yanzu ga bazara ta shigo. Mode ya riga ya yanke shawara a ransa: ba zai tsaya ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka, shi yana zaune ana kallonsa ba. Zai kwashi iyalinsa ya tafi haƙar kuza can gabas. Ya kuma sani sarai, gonar da ta yi damina babu mai ita, mai gari wani yake ba. Gonar kuwa ta ubansa ce, ta kakansa ce.

Mutum ɗaya ya ji wannan magana daga bakinsa, shi ne Ƙasimu wanzami. A Wurno Ƙasimu yake zaune, amma rabin rayuwarsa a bisa jaki ya yi ta, yana bin ƙauyuka da zabirarsa. Taubashin Mode ne, uwar Mode ƙanwar ubansa ce, saboda haka ba su taɓa gaisawa babu zagi ba.

Ran nan yana yi masa aski a inuwar rumbun, sai ya ce, "Bawana, kanka ya rame. Da can sai na wasa aska sau biyu kahin in gama da shi."

Mode ya ce, "Wa ab bawanka? Askarka ta ta dakushe, awa mai ita."

"To na jiya. Ina kajin gidan ga?"

"Sun tahi kiwo."

Ƙasimu ya goge aska a tafin hannu. Ya ce, "Shekara ashirin nika zuwa nan, ban taɓa ganin gindin rumbunka babu kaza ba. Yau ko kashinsu babu."

Mode ya bari aka gama rabin kai. Sannan ya faɗa masa duka, murya ƙasa-ƙasa, har da ranar da yake son tashi. Ya kama hannun Ƙasimu ya ce, "In ka hwaɗa ma wani, ko wa na, ban yahe maka ba." Ƙasimu ya rantse. Ya koma Wurno da abin a ransa.

A Wurno kuwa akwai Alhaji Maccido, attajirin fatu. Yana da gandu wajen Marnona, kuma tun shekarar da ta gabaci fara ya cika rumbuna da gero bai taɓa ba. Da sanyi ya yi ciwon da har aka fara kiran dangi. Da ya tashi sai ya yi alkawari zai fitar da rumbu uku, a yi sadakar da za ta rayu bayansa. Masu ba da shawara sunka cika masa zaure. Shi kuwa ya ce a'a, ba abin da ke kansa zai yi ba, a tafi a tambayi mutanen ƙauye da kansu abin da ya fi damunsu.

Ya aiki ɗan ƙanensa Abdulƙadiri, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya taɓa yin aikin ƙidaya a En'e, mutum mai gaskiya da son aiki tsaf. Abdulƙadiri ya sa farar riga, ya ɗauki babban littafi da alƙalami, ya bi Sisawa da Rara da ƙauyukan da ke tsakanin Rabah da Goronyo. Inda duk ya isa sai ya sauka ƙofar mai gari, a tara masa magidanta.

To, mutanen ƙasar nan sun san abin da littafi ke jawowa. Tun da Nasara sunka zo, ba a taɓa buɗe littafi a ƙofar mai gari an rufe shi da alheri ba: ko haraji, ko jangali, ko neman majiya ƙarfi. Kafin Abdulƙadiri ya gyara zama, Fulani sun kora shanu daji, samari sun sulale ta bayan darni. Waɗanda sunka rage kuwa, da ya ce, "Jama'a, mi ka damunku?" sai su amsa baki ɗaya, "Lahiya lau, sai godiya." In ya matsa, sai wani dattijo ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce ko da a ɗan ƙara wa masallaci tsawo. Wa zai buɗe baki a gaban jama'a ya ce akwai abin da ya fi masallaci? Kowa sai ya ce, "Haka na." A Sisawa muryar Mode ta fi ta kowa fita.

Ƙauye goma sha biyu, amsa ɗaya. Abdulƙadiri ya dawo da farin ciki, ya tarar da Alhaji a zaure, Ƙasimu yana yi masa aski. Ya buɗe littafi ya karanta. Alhaji ya ce madalla, gobe a kira magina, a ba su geron su fara aiki.

Askar Ƙasimu ta tsaya cak a tsakar kai.

Alhaji ya ce, "Lahiya, sarkin aska? Ka bar ni da rabin kai."

"Ranka shi daɗe, masallacin Sisawa bara waccan anka gyara shi. Na Rara kuwa ko Juma'a ba shi cika."

Abdulƙadiri ya ce, "Baba Ƙasimu, da bakinsu sunka hwaɗi. Ga shi a rubuce."

"Gaban wa sunka hwaɗi?"

"Gaban kowa da kowa."

"To ai shi na." Ƙasimu ya zagayo gaban Alhaji ya tsuguna. "Ranka shi daɗe, in tambaye ka. Mi ka damunka?"

"Ni? Lahiya lau, alhamdu lillahi."

"Madalla. To maƙwabcinka Atiku hwa?"

Alhaji ya gyara zama. "Kai, bar Atiku! Bawan Allah, idonai na dama ya kusa tahiya, shina ɓoyewa. Ga katangar baya ta zube, ga surukin nan nai da ba shi da aikin yi sai ci. Jiya ma..." Sai ya tsaya, ya ga Ƙasimu yana kallon ƙafar shi Alhajin, wadda ta kumbura har ba ta shiga takalmi. Ya fashe da dariya har da tari. Ya ce, "Ɗan banza! Wanzami ɗan banza!"

Ƙasimu ya ce, "Mutumin ƙasar ga gara mashi shi kwana da yunwa da shi ce shina jin ta. Amma tambaye shi na kusa da shi, sai ka gaji da saurare. A ba ni kwana goma."

Alhaji ya ce, "Kai da ka yawo cikinsu, ka san wani abu. Hwaɗa mani mana, mu huta."

"Abin da ni sani, amana ta. Abin da za su hwaɗi, shi zan kawo maka."

Alhaji ya gyaɗa kai. Ya ce, "Kwana goma. An ce an ga shamuwa wajen Goronyo, ruwa bai da nisa. Ka tahi da Abdulƙadiri."

Ƙasimu ya ce ya yarda, amma a bar littafi gida, a bar alƙalami, a bar farar riga. Abdulƙadiri ya ɓata rai, amma ya bi. Washegari aka ga tsohon malamin ƙidaya cikin tsohuwar taguwa yana jan jaki. Ƙasimu ya kwashe tarkacen zabirarsa, ya bar aljifanta wofi, ya ba shi tsakuwa cike da hannu biyu. Ya ce, "Kowace damuwa da aljihunta. In ka ji an hwaɗi, jehwa tsakuwa ɗaya. Kada ka yi magana, huskarka ta En'e ta."

A kowane ƙauye gindin itace suke sauka, nesa da ƙofar mai gari. Ƙasimu ya shimfiɗa buzu, ya wasa aska. Mutum ya zauna, a jiƙa masa kai, a gaisa, a yi zancen zafi. Sai can Ƙasimu ya ce, kamar wanda ya tuna, "Af, ina wane, mai gidan da ka kusa da kai? Ya kwana biyu ban gane shi ba." Shi ke nan. Mutum in an sunkuyar masa da kai, ba ya kallon idon kowa, bakinsa yakan saki.

A Rara an yi ta zancen rijiya da ta rufta, matan maƙwabta suna tafiya mai nisa. Wajen Goronyo wasu sunka ce maƙwabtansu na wahalar ƙetare gulbi in ya cika. Wani tsoho ya ce maƙwabcinsa ba abin da ke damunsa sai tsawon baki, Abdulƙadiri ya rasa aljihun da zai jefa wannan. Amma magana ɗaya ta yi ta dawowa, kullum da rantsuwar kada a ce ni na faɗa: wane ya cinye irinsa. Wane rumbunsa wofi. Wane yana shirin tashi.

Zancen mata kuwa daga bakin Hawwa sunka ji shi, wata Bafulatana mai tallar nono, wadda ke shiga kowane gida. Ta sauke ƙwarya ta huta a inuwarsu, Ƙasimu ya ce, "Inna, ya rugga?" Ta ce jam, lafiya lau. Ya ce, "To ya matan gari?"

Ta ce, "Da can in na kawo nono, gero suka ba ni. Yanzu kowace sai ta ce mai gida ya daina shan hura. Gari guda ya daina shan hura rana ɗaya? Kuma kullum da hantsi sai ka ji daka ko'ina. Dusa suka dakawa, wata ma turmi wohi, don ta kusa ta ji. Ta kusa kuwa ta san ƙarar turmi wohi, ita ma shi taka bugawa." Ta ɗauki ƙwaryarta. "In ba su shuka ba, shanunmu wane kara za su ci da kaka? Ku hwaɗa ma mai aiken ku, nasu shi na namu."

Abdulƙadiri ya jefa tsakuwa, ya ƙara wata. Ƙasimu bai hana shi ba.

Sisawa ce ta ƙarshe. Isa, wanda darninsa ke jingine da na Mode, ya zauna aski. Da aka taɓo Mode sai ya girgiza kai har aska ta kusa yanka shi. "Mode? Wanga sabon jinka na banza na. Babu komi ciki, Kyauta ma ta hwara ɗaure kaya. Abin na cin raina, mun tashi tare. Don Allah kada shi ji."

Bayan la'asar Mode ya zo, ko da yake gashinsa bai isa aski ba. Ya harari Abdulƙadiri, ya harari Ƙasimu. Ƙasimu ya ce, "Kwantar da hankalinka, bawana, ba zancenka nika yi ba, wa ka zancen bawa? Ina Isa?"

Mode ya sauke murya. "Isa na cikin wani hali. Tun watan jiya ya cinye irinai. Ga tsohuwa, ga ɗiya biyat. Shi ba shi da ƙarhin tahiya kuza ma. Ban san yadda za shi yi ba, wallahi."

Rana ta tara sunka koma Wurno. Abdulƙadiri ya zazzage aljifan zabira ɗaya bayan ɗaya a kan tabarmar Alhaji. Na masallaci tsakuwa uku, ɗaya ma daga bakin magini ta fito. Na ƙetare gulbi 'yan kaɗan. Na rijiya ya yi tuli mai kyau. Na iri kuwa sai da aka girgiza, don ya cushe.

Alhaji ya daɗe yana kallon tulin. Ya ce, "Ashe saura kaɗan in ɗora laka bisa laka, mutane na tashi." Ya ce gobe a loda wa raƙuma damman gero, a kai kowane ƙauye, a yi shela duk wanda ba shi da iri ya zo ya karɓa.

Ƙasimu ya ce, "Babu mai zuwa, ranka shi daɗe. Wanda ya ɗora sabon jinka bisa rumbu wohi, shi za shi tako gaban jama'a shi miƙa hannu? Sai geron ya ruɓe nan."

Ƙasimu kansa nan dabararsa ta ƙare, yana ta juya aska a hannu yana tunanin kayan da Kyauta ta ɗaure. Sai Abdulƙadiri, wanda kwana tara bai ce uffan ba, ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Baba, ai kowa na maƙwabci ya hwaɗi. To kowa shi ɗaukar ma maƙwabci. A hana mutum ɗaukar ma kainai."

Ƙasimu ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Alhaji, a mayar ma yaron ga da hwarar rigarshi. Ya ci ta."

Kwana biyu bayan haka raƙuma sunka durƙusa a Sisawa, aka jibge damma a zauren mai gari. Gabas ta riga ta fara haɗa baƙin hadari. Mai shela ya zagaya yana cewa Alhaji Maccido na Wurno yana son a gwada masa irin geron Marnona a ƙasar nan. Ba a yarda kowa ya ɗaukar wa kansa ba. Wanda ya san maƙwabcinsa manomin kirki ne, ya zo ya kai masa dami ɗaya. Da kaka, wanda Allah ya ba, ya mayar da dami a rumbun da za a gina, don na baɗi.

Ƙasimu ya wuce kai tsaye gidan Mode. Ya tarar an ɗaure tabarmi da tukwane, an jingine su a bango. Gobe da sassafe za a tashi.

Mode ya ce, "In kai ka ƙulla wanga abu don ni, ka ɓata wahalarka. Ban roƙi kowa ba."

"Don kai? Kai wa? Tahi abinka, kuza na jiranka, ko can ana son bayi. Isa nika ji. Kai ka hwaɗa mani halin da shika ciki. Darninku ɗaya. In ba ka kai mashi ba, kowa za shi ce ai Mode ya kai, har ruwa shi sauka."

Mode ya yi tsaki. Ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Can ya jawo hularsa. "Don tsohuwar ga zan yi, ba don kai ba."

Ya tafi zauren mai gari, ya ce na Isa, aka ɗora masa dami. Bai bi babbar hanya ba, don kada a ga inda za shi a kunyata Isa. Ya zaga ta wani siririn lungu da ke bayan gidajensu, tsakanin darni da darni, inda mutum biyu ba sa jerawa. Yana shan kwana sai ga mutum tafe da dami a ka, shi ma yana sanɗa. Isa ne.

Sunka tsaya, kowa da zangarniyoyi na lilo a gaban goshinsa.

Isa ya ce, "Barka da yamma, Mode."

"Barka kadai. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Ya iyali?"

"Lahiya lau. Ya tsohuwa?"

"Sai godiya."

Babu wanda ya dubi kan wani. Mode ya karkata, ya manna baya da darni, Isa ya raɓa ya wuce, dammansu sunka gogi juna har tsaba ta zuba. Mode ya isa ƙofar bayan gidan Isa, ya jingine nasa, ya yi sallama sau ɗaya, ya juyo kafin a amsa.

Da ya shigo gida sai ya ga dami a jingine a gindin rumbunsa. Kyauta na durƙushe tana kwance igiyar da ta ɗaure tukwane, ba ta tambaye shi ba, ba ta ɗago kai ba. Mode ya tsaya a kan damin. Ya zaro zangarniya ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya hura, ya duba ƙwayar.

Ya ce, "Irin ba laihi."

Ƙasimu, wanda ke zaune a kan turmi, ya ce, "To kuza hwa?"

"Mutum ya kawo abu har gida don a gwada mashi. In tahi in bar shi? Ai rashin kunya na. Kai ba ka san waɗanga abubuwa ba, wanzami."

Ran Alhamis ruwa ya sauka. Ran Juma'a tun da safe Mode yana gaba da sungumi yana sara, Kyauta da yara na biye suna zuba iri suna takewa, a gonar ubansa. Can ƙetaren iyaka Isa ne da nasa.

Da kaka rumbun da anka gina kusa da masallacin Sisawa ya cika har ya hana jinka zama daidai, don da wuya ka sami wanda ya mayar da dami ɗaya tak. Kowa na gudun a ce nasa ya fi ƙanƙanta. Fulani sunka sauko da shanu cikin kara. Da rani Alhaji ya ce a ɗauko tulin tsakuwa na biyu, na rijiya, aka tafi Rara da masu haƙar rijiya, Abdulƙadiri a gaba, da farar rigarsa, littafin kuma a gida.

Ƙasimu ya zo Sisawa aski bayan girbi, sai da ya kori kaji kafin ya sami wurin shimfiɗa buzu a gindin rumbun Mode. Yana jiƙa masa kai ya ce, "Af, ina Isa?"

Mode ya yi ajiyar zuciya irin ta mai alheri. Ya ce, "Ya warware, bawan Allah. Amma in gaya maka gaskiya, da ban kai mashi damin nan ba, da yanzu wani labari aka yi. Kada ka hwaɗa mashi."

Ƙasimu ya ce ba zai faɗa ba. Da safen nan ma Isa ya sa shi wannan rantsuwa, a kan damin da shi ya kai wa Mode.